Har Gwiwar Hannu

Ni bakanike ne a Kwangila.
Nakan gane ciwon inji tun ba a buɗe bonet ba,
amma kukan 'yata ban san shi ba,
don ba ta yi ba.
Bakwaini ta zo, kilo ɗaya da 'yar ɗoriya,
babbar sifanata ta fi ta nauyi.
Aka ce an sa ta a kwalba.

Kwana biyu ina leƙe ta taga
kamar mai bin suruki bashi.
A na uku Sista Rifkatu ta fito,
ba fuskata ta duba ba, hannuna.
"Wannan baƙin mai na shekara nawa ne?"
Na ce sha ɗaya.
Ta miƙo sabulu da ɗan buroshi.
"Har gwiwar hannu. Sau uku. Ina jira."

Hajo na zaune da ɗinki a mara,
tana tatsa a ɗan kofi,
ɗis, ɗis,
kamar famfon Tudun Wada da rani.
Ta yi kuka ta ce bai kai komai ba.
Sista ta ɗaga kofin ta haska a fitila,
ta ce, "Duk kantin maganin asibitin nan
babu mai sayar da wannan."

Inna ta zo daga Tukur-Tukur
da dabino da gorar rubutu.
Na ce yau za a yi ta.
Ba a yi ba.
"Hajiya, cikin nan bai kai ɗan goro ba.
Addu'ar ta shiga, ruwan ya jira mu."
Inna ta wanke hannu, ta dafa gilashi,
ta karanta abin da ta karanta.
Da ta fita, Sista ta goge wurin a hankali.
Na gani. Ban faɗa ba.

Daren Laraba hadari ya taso daga Kufena,
wuta ta ɗauke,
janareta ya yi tari sau biyu ya yi shiru.
Jikina ya ce tashi, wannan aikinka ne.
Sista ta tare ƙofa:
"Akwai mai gyaransa. Ɓalle rigarka."
Ta ɗora min ita a ƙirji, fata da fata,
ta ɗaure mu da zanen Hajo.
Ban taɓa riƙe abin da ba zan iya kwancewa in ɗaura ba
sai ranar.
Zuciyarta na bugawa a kan tawa,
ƙaramin inji, ba ya tsallake.
Wuta ta dawo. Ba wanda ya ce in sauke ta.

Wata asuba Hajo ta ce,
"Numfashinta ba irin na jiya ba ne."
Na'ura ba ta ce komai ba.
Sista ba ta ce ke likita ce ba,
ta ajiye shayinta ta kira likita.
Aka ɗebi jini, aka samu abin, aka tare shi da wuri.
Daga ranar, a gefen takardar awo,
ta ja layi da biro ta rubuta:
abin da uwa ta gani.

Ran suna babu rago, babu taro.
Na sunkuya na raɗa ta ramin kwalba.
Sista ta cire 'yar takardar da ke cewa Jaririyar Hajo
ta tambaye ni yadda ake rubuta Ramlatu.

Kwana arba'in da ɗaya.
Sikeli ya nuna biyu, ma'aikatan ɗakin suka yi guɗa ƙasa-ƙasa
don kar a tashi na kusa.
Mai Napep ya bi ramukan PZ
kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai.

Na koma gareji.
Yarana na dariya in magariba ta yi,
Oga ya tsaya gaban bokiti da buroshi.
Ba na tanka musu.
Har gwiwar hannu.
Sau uku.